Amsa: Da gaske 'yan sama jannati na shan fitsarin da aka tace?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne 'yan sama jannati suna sake shan ruwan da ya fita daga jikinsu. Eh, gaskiya ne. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai shawagi kusan kilomita 400 sama da mu, na'urori suna tattara fitsari da gumi da danshin numfashi, su tace su koma ruwan sha. A 2023 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta sanar cewa suna dawo da kashi 98 cikin ɗari na ruwan. Dole ce ta sa: kai ruwa sama a roka akwai tsada ƙwarai, kuma mai tafiya duniyar Mars zai yi watanni a hanya ba mai kai masa ko kofi guda.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma wannan na sani domin a masana'antar fiya wata nake aiki nan Jos. Ingancin ruwan yana wurin matatar. In ba a canza ta kan lokaci ba, ba a kuma gwada ruwan akai-akai, zai iya fitowa garau amma da cuta a ciki. Shi ya sa su ma can sai na'ura ta auna tsabtarsa kafin a sha, in bai kai ba a maimaita tacewar.