Amsa: Shin ƙwayoyin garkuwar jiki a cikin ƙarin sankara alamar alheri ce?

Malama, kin tambaya ko fararen ƙwayoyin jini masu yawa da aka gani a cikin ƙarin da aka cire wa mahaifiyarki alama ce mai kyau. Allah ya ba ta lafiya. Amsar ta danganta da irin ƙwayoyin da aka gani.

Akwai ƙwayoyin T masu kisa, waɗanda ke gane ƙwayar sankara su hallaka ta, kuma a sankarar babban hanji bincike ya nuna cewa marasa lafiyar da ƙarinsu ke cike da su sun fi daɗewa a raye. Akwai kuma makrofaj, waɗanda aikinsu na asali shi ne share matattun ƙwayoyi da warkar da rauni. Ƙarin yakan yaudare su har su ɗauke shi tamkar gyambon da ya ƙi warkewa, sai su riƙa fitar da sinadarin VEGF mai tsiro masa da sababbin jijiyoyin jini, su kuma sassauta naman da ke kewaye da shi har ƙwayoyinsa su sami kafar shiga jini su bazu. A ganina nan ne lamarin ya fi tayar da hankali.

Su kansu masu kisan ana iya karya musu lago, domin ƙwayar sankara takan ɗauki furotin PD-L1, wanda ke manne wa wani furotin mai suna PD-1 da ke jikinsu ya dakatar da su. Tasuku Honjo, wanda ya gano PD-1, ya raba kyautar Nobel ta 2018 da James Allison, kuma yau akwai magungunan da ke toshe wannan hanya.

Ki roƙi likitanta ya bayyana miki wane iri ne ya fi yawa a sakamakon gwajin.