Gem ɗina ya kai mataki 60, ya zan sa kwamfuta ta riƙa duba min su tana ajiye bayani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina haɗa wani ɗan gem na waya irin na wasa ƙwaƙwalwa, wanda mutum zai riƙa tura buhuna a cikin sito har ya kai kowanne inda aka yi masa alama. Na yi mataki 60 yanzu amma abubuwa sun fara cakuɗe min. Abokaina sun ce mataki na 12 ya fi na 40 wahala, alhali ni na ɗauka mai sauƙi ne. Sannan akwai ranar da na matsar da bango ɗaya a wani mataki, ashe na kashe shi gaba ɗaya baya warwaruwa, sai bayan sati biyu wani ya gaya min. Wasu kuma wallahi na manta ma dalilin da yasa na tsara su haka. Akwai yadda zan sa kwamfuta ta riƙa yi min wannan binciken da rubutun da kanta?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai, kuma ka yi sa'a domin irin gem ɗin da kake yi yana cikin waɗanda aka fi yi wa bincike a duniya. Sunan kakansa Sokoban, wani Bajapane Hiroyuki Imabayashi ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Thinking Rabbit ya fitar da shi a 1982, kuma ma'anar sunan ma mai kula da sito ce, kaga kun haɗu. Saboda haka yawancin kayan aikin da kake buƙata wasu sun riga sun yi, ɗauka kawai zaka yi.

Abu na farko, kuma in baka yi shi ba sauran duk ɓata lokaci ne, ka fitar da matakanka daga cikin gem ɗin ka mayar da kowanne rubutu zalla a fayil ɗinsa. Masu Sokoban suna da tsarin da suka daɗe suna amfani da shi, alamar # bango ce, @ ɗan wasa, $ buhu, ɗigo kuma wurin da ake so buhun ya je. In buhu yana kan wurinsa sai a sa tauraro, in ɗan wasa ne a tsaye a wurin sai a sa alamar tarawa. Ga wani ƙarami na zana maka:

```
######
#    #
# $@ #
# .  #
######
```

Amsar ma rubutu ce. Ana amfani da haruffa huɗu, l hagu, r dama, u sama, d ƙasa, ƙaramin baƙi in tafiya kawai mutum ya yi, babban baƙi in ya tura buhu. Amsar wannan na sama ita ce ulD, wato ya hau sama, ya yi hagu, sannan ya danno buhun ƙasa. Taku uku, turi ɗaya. Amma duba abin da yaro zai fara yi in ka bashi wayar, buhu na gabansa ai sai ya tura hagu kawai, shikenan buhun ya manne da bango, daga nan sama da ƙasa kaɗai zai iya zuwa kuma babu ɗigo a wannan layin, wasa ya mutu tun takun farko. A wannan ɗan ɗakin akwai gurbi 12, guda 8 a ciki matattu ne, duk buhun da ya taka su ba zai dawo ba. Kwamfuta tana gano su cikin ƙiftawar ido, sai ta fara daga ɗigon ta riƙa jawo buhun da baya, duk gurbin da jan bai kai ba matacce ne.

Da zarar matakan sun zama rubutu to ka zuba su a folda ɗaya ka ɗora Git a kai, wato manhajar da take ajiye tarihin canje-canjen fayiloli. Wannan shi zai magance maka irin abin bangon nan, domin duk canjin da ka yi yana nan da ranarsa, kana iya ganin ainihin alamar # ɗin da ta motsa.

Sai mai warwarewa. Wato ɗan firogiram da zai karɓi mataki ya nemo amsa da kansa. Na ƙananan matakai zaka iya rubutawa da harshen firogiram na Python a yini ɗaya, dabarar ita ce ya fara daga yadda ɗakin yake, ya gwada duk turin da zai yiwu, daga kowanne ya sake gwada duk na gaba, yana ajiye duk yanayin da ya taɓa gani don kar ya riƙa zagaye wuri ɗaya kamar akuyar ɗaure. Tunda layi-layi yake bi, amsar da ya fara cin karo da ita ita ce mafi ƙarancin turi. Wata dabara da zata rage maka aiki sosai, kar ka ɗauki kowane takun ɗan wasa a matsayin sabon yanayi, in buhunan basu motsa ba kuma yana cikin filin da zai iya zagayawa to yanayi ɗaya ne ko yana wace kusurwa.

Amma fa kar ka ɗauka zai warware komai. Lissafa da kanka, ɗaki mai gurbi 50 da buhu 6, hanyoyin da za a iya jera buhunan kaɗai sun kai 15,890,700. Ka mai da buhunan 10 sai ka ga abin ya haura biliyan 10. Tun 1997 Joseph Culberson ya tabbatar a lissafe cewa Sokoban na cikin rukunin matsaloli masu tsananin wuya ga kwamfuta. Akwai wasu matakai 90 da masu bincike suke gwaji da su, manhajar Rolling Stone da Andreas Junghanns da Jonathan Schaeffer suka yi a jami'ar Alberta ta Kanada ta tsaya a 59, sai a 2020 manhajar Festival ta Yaron Shoham ta cinye duka 90 ɗin. Shekara ashirin da ɗoriya fa kenan. Don haka ka sa wa naka iyaka, misali minti biyu kowane mataki, in bai gama ba ya rubuta "ban gama ba", kar ya rubuta "baya warwaruwa", maganganu biyu ne daban kuma in ka haɗa su zaka goge mataki mai kyau a banza. Na manyan kuma ka warware da hannunka sau ɗaya ka ajiye haruffan amsar, firogiram ɗin ya riƙa sake taka su duk lokacin da ka taɓa fayil ɗin, in amsar ta daina aiki ya yi maka ihu. Wannan ko sakan ɗaya baya ci. In kuma baka son rubuta naka, akwai na kyauta irin su JSoko da Sokoban YASC da suke karanta wannan tsarin rubutun.

Daga nan sai ka haɗa su jere, ka danna abu ɗaya ya bi folda, ya karanta kowane mataki, ya warware, ya fitar maka da shafi ɗaya na kowanne mai ɗauke da zanen ɗakin da matattun gurabe a ja, da yawan buhu, yawan turi, yawan yanayin da ya bincika kafin ya samu, da amsar, sannan tebur guda na duka 60 da zaka buɗe a Excel. Duk wannan a kan kwamfutarka yake gudana, ba ruwansa da data.

To yanzu maganar mataki na 12, wadda ita ce ta fi jan hankalina a tambayarka. Na tabbata in ka fitar da teburin nan zaka ga na 40 ya fi shi yawan turi nesa ba kusa ba, kuma shi yasa ka ɗauka ya fi wuya. Tsawon amsa ba shi ne wahala ba. Mataki mai turi 80 da kowane buhu yake da hanyarsa a buɗe aikin lebura ne kawai, gajiya zai sa ba tunani ba. Mai turi 14 kuma zai iya zaunar da mutum awa guda in akwai wuri ɗaya da dole sai ya yi abin da zuciyarsa bata so, kamar ya cire buhun da ya riga ya kai wurinsa don ya ba wani hanya, ko ya tura buhu nesa da ɗigon kafin ya dawo da shi. Mutum baya son warware abin da yake ganin ya gama, kwamfuta kuwa ko a jikinta. Masu bincike a jami'ar Masaryk da ke Brno, Petr Jarušek da Radek Pelánek, sun tara bayanan mutanen da suka buga Sokoban suka ga lallai ma'aunai irin su tsawon amsa basa hasashen wahala da kyau. Abin da zan ce ka sa firogiram ɗinka ya ƙirga a cikin amsar shi ne sau nawa aka tura buhu yana nisantar ɗigo, sau nawa aka cire buhu daga wurinsa, sau nawa aka bar wannan buhun aka koma wancan aka sake dawowa. Waɗannan sun fi kusa da inda kan mutum yake ɗaurewa.

Akwai kuma layi ɗaya a kowane shafi da ba na yarda na'ura ta rubuta min, layin da yake cewa menene dabarar wannan matakin. Kai zaka rubuta shi da hannunka ranar da ka tsara shi, a saman fayil ɗin, jimla ɗaya tak, misali "dole a fitar da buhun dama daga wurinsa kafin na tsakiya ya wuce". In ka zauna ka kasa rubuta wannan jimlar to a ganina matakin bashi da dabara, cika lissafi ne, kuma cikin 60 ɗinka kar ka yi mamaki in ka samu da yawa haka, kowa yana da su. Amfanin jimlar bai tsaya a tunatarwa ba, domin ana iya mayar da ita gwaji. Sai ka ce wa mai warwarewar, na haramta maka cire buhu daga wurinsa, yanzu warware mu gani. In ya dawo ya ce ba hanya, alhamdulillahi, dabararka ta zama dole. In kuwa ya kawo amsa to akwai ɓarauniyar hanya, 'yan wasa zasu bi ta nan su wuce basu koyi abin da ka so su koya ba, sai su je mataki na gaba da ya dogara da wannan darasin su maƙale, kai kuma ka riƙa zargin na gaban. Ni a wurina wannan gwajin ya fi duk lambobin teburin amfani.

Ɗan'uwansa shi ne gwajin cire kaya. Firogiram ya cire bango ɗaya na cikin ɗaki, ko buhu ɗaya da ɗigonsa, ya sake warwarewa, ya mayar ya cire na gaba. Duk abin da aka cire kuma babu abin da ya canza a dabarar to ado ne. Wani adon da gangan ake sa shi don ruɗar da ido, wannan ba laifi, amma dai ka san kai ka sa shi.

Sauran bayanin a wurin abokanka yake. Tunda amsa haruffa ce, sa gem ɗin ya riƙa ajiye duk abin da suka danna har da komawa baya da sake farawa da lokacin da suka ɗauka, bayan ka gaya musu kana ajiyewa. Mutum biyar ma sun isa ka fara ganin abu. Sai firogiram ya jera inda kowa ya fara kauce wa hanya, in huɗu cikin biyar a turi na shida suke kashe wasan to ka je ka kalli turi na shida. Ka lura musamman da tazarar da ke tsakanin lokacin da wasa ya mutu da lokacin da mutum ya gane ya mutu. In buhu ya shiga kusurwa nan take ake gani a koma baya, ba a jin haushi. Amma in wasa ya mutu a turi na 6 mutum bai sani ba sai a na 30, wannan shi ke sa a goge gem daga waya.

Nasan zaka ce me zai hana in ba manhajojin hira na AI su yi min bayanin. Zasu iya gyara maka jimla ko su taya ka rubuta firogiram ɗin, amma duk amsar mataki da suka baka sai ka bi da ita ta cikin mai sake takawar nan tukuna, domin sukan ratsa bango da buhu su ce maka sun gama, da cikakken ƙarfin hali kuwa.

In wata rana ka so ka ƙara sabuwar doka, misali buhu mai zamewa, gwada ta a PuzzleScript tukuna, wani kayan aikin haɗa irin waɗannan gem ɗin wanda Stephen Lavelle ya fitar a 2013, a burauza yake aiki kyauta kuma dokar tura akwati gaba ɗayanta layi ɗaya ce a ciki. Sai dai ka tuna duk dokar da ka ƙara sai ka koyar da mai warwarewarka ita, har lissafin matattun gurabe ma zai iya canzawa.

A wannan satin dai kar ka ɗauko duka 60. Fara da na 12 da na 40 kawai, ka mai da su rubutu, ka rubuta wa kowanne jimlarsa, ka ƙirga a amsar na 12 sau nawa buhu yake yin baya kafin ya yi gaba. In ka yi ka turo min su biyun a haruffan nan mu duba tare.