Amsa: burtsatse biyu za su ishe mu shekara 20?

Alhaji, ka ce garinku da ke kusa da Mokolo a arewacin Kamaru ya kai mutum 8,000, kuna neman kuɗin ƙarin burtsatse biyu. Gaskiya ba za su riƙe ku shekara 20 ba. Ko da lita 20 kacal ga kowane mutum a rana, yau kuna bukatar lita 160,000, ban da dabbobi da baƙin ranar kasuwa, ga kuma gari na ta cika.

Kada ku yarda a auna ƙarfin ruwan da damina. A bari sai Afrilu, lokacin da mayo, wato kogi, ya bushe mata ke tonon yashi da ƙwarya. Mu an auna mana a Satumba, kafin bazara ta ƙare famfo sai iska yake fitarwa.

A kuma kai ruwan a gwada, domin yankinku na Mayo Tsanaga akwai sinadarin fulorayid mai yawa a ruwa, wanda in ya yi yawa yake ɓata haƙora. Ka duba haƙoran yara, za ka ga sun yi ja.

Ku sa komin, wato ƙaramar hukuma, ta ware filin tanki tun yanzu, nesa da masai, kafin a yanka shi fuloti. Kuɗin kowace jarka kuma a ajiye wani kaso na gyara.