Tsutsar alade a kan yaron da bai taɓa cin alade ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 11 ya fara faɗuwa yana shure-shure wata uku da suka wuce. Da aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa, likita ya ce akwai ƙwayar tsutsar alade a kansa. Wallahi yaron nan ko aladen bai taɓa gani ba sai a littafi. Tun muna Islamiyya ake faɗa mana saboda wannan tsutsar Allah Ya haramta alade gare mu da Yahudawa. To ta ina ta shiga? Yanzu dangin mijina sun fara ƙus-ƙus, wai a makarantar da nake kai shi ake ba su. Wasu kuma sun ce iska ce, a daina maganin asibiti a kai shi wurin mai magani. Barci ya ƙaurace mini. Shin da gaske saboda tsutsa aka haramta alade? Wata uwa daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah Ya ba yaro lafiya. Kafin komai, kada a tsayar da maganin farfaɗiyar nan ko na kwana ɗaya, kowa zai ce me. Sannan ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya ba ɗanki alade. Wannan ciwon ba ta cin nama yake shiga ƙwaƙwalwa ba, kuma abin da aka koya mana tun muna yara shi ya sa kike ganin abin kamar almara.

Ki buɗe Alƙur'ani. Wuri huɗu aka ambaci haramcin naman alade: Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145, da Nahli aya ta 115. Kowane wuri tare yake zuwa da mushe da jini da abin da aka yanka da sunan wanin Allah, kuma kowane wuri an yi wa wanda larura ta kama rangwame. A An'am ne aka siffanta shi da ƙazanta. Babu inda aka ce tsutsa. Ki lura ma da na ƙarshe a jerin nan: ragon da aka yanka wa gunki lafiyarsa ɗaya da ragon Layya, amma haram ne. Ashe ba ma'aunin asibiti aka auna jerin da shi ba. Ni likita ne, fatawa ta malamai ce, amma duk malamin da ya san aikinsa zai gaya miki asalin haramcin umarni ne, hikimomin da mutane ke hasashe a bayansa suke biyowa.

Na Yahudawa ya fi namu daɗewa a rubuce. A Attaura, Littafin Firistoci sura ta 11, an kafa ƙa'ida: dabbar da za a ci sai mai rababben kofato ce kuma mai tuƙa. Alade yana da kofaton amma ba ya tuƙa, sai ya faɗi. A wannan jerin dai aka haramta musu raƙumi da zomo da rema, alhali mu muna cin raƙumi da zomo. Da cuta ce ma'aunin, yaya za a yi raƙumi ya zama guba ga Bayahude kuma abinci ga Balarabe?

Masu tonon ƙasa suna da tasu tambayar, wato yaushe mutanen wannan yanki suka fara ƙyamarsa. Ƙasusuwan da suka haƙo sun nuna an fara kiwon alade a kudu maso gabashin Turkiyya ta yau kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuma an ci shi sosai a tsohuwar Iraƙi da Masar ta Fir'aunoni. Wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), garuruwan Filistiyawa na yankin gaɓar teku irin su Ashkelon da Ekron suna cike da ƙashin alade, ƙauyukan kan tudu inda Bani Isra'ila suka zauna kuwa da ƙyar ake samun ɗaya. Wani masani Ba'amurke, Marvin Harris, ya ce tattali ne: alade ba ya ba da nono, ba ya jan garma, ba ya jure rana sai da inuwa da taɓo, ba a kora shi doguwar tafiyar kiwo, ga shi yana cin hatsin da mutum zai ci. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ga makiyayi, sai dai ba ta bayyana yadda mutane suka yi dubban shekaru suna kiwonsa a wannan zafin ba. Abin da tarihi ya fi tabbatarwa shi ne yadda alade ya zama shaidar ko kai wane ne. A shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa, sarkin Girkawa Antiyokus na huɗu ya tilasta wa Yahudawa cinsa, wasu suka zaɓi mutuwa. A Andalus bayan 1492, kotunan coci suna sa ido su ga wanda ke kauce wa alade, don gano Musulmi da Bayahuden da suka ɓoye addininsu.

To ina tsutsa ta shigo? Jiya-jiyan nan. Sai a 1835 wani ɗalibin likita a Landan, James Paget, ya fara ganin tsutsar da ke shiga tsokar mutum, sai a 1860 likitan Jamus Friedrich Zenker ya tabbatar daga naman alade take zuwa. A shekarun 1850 kuma aka gano alaƙar tsila da ƙwayoyin da ake gani a naman. Daga nan masu wa'azi na addinan biyu suka rungumi labarin suka ce ga dalilin. Ko da Musa bin Maimun, malamin Yahudawa kuma likita a Alƙahira wanda ya rasu a 1204, ya danganta haramcin da ƙazantar dabbar, wani malaminsu da ya zo bayansa, Ishaƙ Abarbanel, ya ƙi wannan hanya, ya ce in haka ne an mayar da Attaura ɗan ƙaramin littafin magani.

Yanzu ga abin da ke ƙona mini rai, domin kullum sai na ci karo da shi. Da aka cusa mana cewa tsutsa a cikin alade take kuma mu ba ma cin alade, sai muka ɗauka an yi mana katanga. Babu katangar nan.

Tsilar alade hanya biyu take bi. Wanda ya ci naman da bai dahu ba, mai ɗauke da fararen ƙwayoyi kamar shinkafa, tsila za ta girma a hanjinsa, tsawonta ya kai mita uku ko fiye, sau da yawa bai ma san tana nan ba. Ta ɓangaren tsila, shi ke nan abin da cin naman ke kawowa. Amma bayan gidan wannan mutum cike yake da dubban ƙwai da ido ba ya gani. Duk wanda ya haɗiyi ƙwan nan, ko ta hannun da ya yi tsarki bai ga sabulu ba ya taɓa abinci, ko ta ruwan da kashi ya gangara ciki, ko ta latas da kabeji da karas da aka yi wa ban-ruwa da ruwan kwata, ƙwan zai ƙyanƙyashe a cikinsa, ya huda hanji, ya bi jini, ya sauka a tsoka ko ido ko ƙwaƙwalwa. Can zai yi zamansa shiru, wani lokaci shekaru, sai ranar da ya fara mutuwa wurin ya kumbura, yaro ya yanke jiki ya faɗi. Ƙwan ba ya tambayar addinin wanda ya haɗiye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da dama da ciwon ya yi katutu, shi ne sanadin kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya.

Kin ambaci Yahudawa, to ga labarinsu. Tsakanin 1990 da 1991 an samu mutum huɗu da wannan ciwon a gidajen Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a birnin New York, mutanen da ko tukunyar da alade ya taɓa ba sa amfani da ita. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi diddigi, sai zargi ya faɗa kan ƙwan tsila daga masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen Latin Amurka. An buga rahoton a 1992. Mu kuma a nan ana kiwon alade a kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da arewacin Kamaru, kasuwa ɗaya muke ci, mota ɗaya muke shiga, kayan lambu suna yawo daga wannan gari zuwa wancan, ga bahaya a fili ta ƙi ƙarewa. Ban faɗi wannan don a kori 'yar aiki ko a harari maƙwabci ba. Mai ɗauke da tsila majinyaci ne, shan magani sau ɗaya yakan raba shi da ita. Laifin na rashin masai ne da rashin sabulu.

Kuma a daina yi wa halal kallon abin da ba ya cutarwa. Saniya tana da tata tsilar. Ita ba ta hawa ƙwaƙwalwa, amma ta cika hanjin masu son tsire da balangun da cikinsa bai gama gasuwa ba. Magidanci zai shigo ofis ya rufe ƙofa, ya ciro ƙullin leda daga aljihu, a ciki ga wani farin abu mai faɗi yana motsi, ya ce a wandonsa ya tsince shi, ya shiga rantsuwa bai taɓa cin haram ba. Na yarda da shi. Ɗanyar madarar da ba a tafasa ba tana kawo tarin fuka na shanu. Cutar numfashin da ta ɓulla a Saudiyya a 2012 daga raƙumi take tsallakowa. Babu wanda ya ce waɗannan sun haramta, cewa aka yi a dafa, a tafasa, a wanke hannu.

Masu yaɗa ƙarya a waya kuwa, su ji tsoron Allah. Bidiyon da ake zuba lemon kwalba a kan naman alade tsutsotsi su fito, haɗi ne. Maganar cewa cinsa yana cire wa namiji kishi ba ta da tushe a likitanci. Addini bai roƙi kowa ya yi masa ƙarya ba. Kuna gina imanin yaro a kan tsutsa, ranar da ya je karatu Jamus ya ga naman da likitan dabbobi ya duba aka buga masa hatimi, sai ya ce ai dalilin ya kau. Ku kuka ba shi wannan hujjar. Sannan ku ne kuka sa yau ake tuhumar uwa a gidan aurenta saboda ciwon da ba ta da hannu a ciki, kuka sa iyaye suna jin kunyar faɗin sunan cutar ɗansu har su gwammace a ce aljani ne. Sai mai magani ya karɓi kuɗi, ya turara wa yaro hayaki, ya ce a zubar da ƙwayoyin asibiti. Farfaɗiyar da aka yanke wa magani farat ɗaya tana iya dawowa ta ƙi tsayawa, kuma tana kisa. A yi addu'a, a yi tofi, babu likitan da zai hana, amma da maganin a bakin yaro.

Akwai wani kuskuren da ya fi kusa da ke, Hajiya. Wani zai ce tunda tsutsa ce, a sayo maganin tsutsa a kemis. Kada ki kuskura. Albendazole da praziquantel suna kashe ƙwayar, amma mutuwarta tana ƙara kumburi a ƙwaƙwalwa, shi ya sa likita ke haɗa su da maganin rage kumburi, yana sa ido. In ƙwayar ta riga ta mutu ta daskare, ba a ma buƙatarsu, maganin farfaɗiya kawai ake ci gaba da shi.

In ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Yawunsa ba ya harbin kowa. In ya wuce minti biyar bai dawo ba, a garzaya asibiti. A raba shi da bakin wuta da rijiya da wankan rafi har sai likita ya ce.

Ranar komawa asibiti ki tambayi likitansa ko ƙwayar tana da rai ko ta daskare, ko an duba idonsa kafin a fara maganin tsutsar, da ko an tabbatar ba ƙullutun tarin fuka ba ne, domin a hoto sukan yi kama. Ki nemi a yi wa duk mutanen gidan gwajin bayan gida, har da mai dafa abinci da shi yaron kansa. Ki kuma roƙi maigida ya zo da mahaifiyarsa, su ga hoton da idonsu, su ji bayanin daga bakin likita.