Yaya, Ga Dalilin Ihun Nan Namu

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanen gida.

Ranar nan layi ya yanke ban ƙarasa ba ka amsa ba. Ka ce ka sake cin karo da bidiyon nan da ƙanwarka ta tura zauren WhatsApp na gida a azumin 2023, inda aka gan mu, magidanta da gemunmu, mun zagaye talabijin da kofunan kunu a hannu, ɗan naka babba ya dafe kai kamar an aiko masa da rasuwa. Ka ce wane irin wasa ne wannan na sanduna a kan ƙanƙara, kuma yaushe Bahaushe ya san wata ƙanƙara ban da wadda ake jefawa a zoɓo? Na yi dariya har da ƙwalla, amma tambayar tana kan hanya, don ni ma shekarata ta fari a jihar Minesota ta Amurka haka nake kallonsu.

Sunan wasan hoki, wato ƙwallon gora ta kan ƙanƙara. Ƙwallon ba mulmulalliya ba ce, wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1. Kowane ɓangare mutum shida ne a fili: uku 'yan gaba, biyu 'yan baya, sai gola. Ragar ƙarama ce, ƙafa 6 a faɗi, ƙafa 4 a tsaye, ga gola ya sha sulke ya kusa cike ta. Turmi uku ake yi kamar dambe, kowane turmi minti 20. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ba wanda ke daɗewa a fili. Gudun da ake yi a kan takalman nan masu wuƙa a ƙasa ba ya barin mutum ya wuce minti ɗaya, sai ya tsallake katanga wani ya faɗo, kuma ba a tsayar da wasa don haka. Ka tuna yadda ake sauya dawaki a filin folo? To nan mutanen ake sauyawa. Shi ya sa ƙungiya ke da sahu huɗu na 'yan gaba da sahu uku na 'yan baya. Wanda ya yi laifi kuma ba kati ake ba shi ba, keji ake kai shi ya zauna minti 2, abokansa su yi ta fama su huɗu da mutum biyar, ban da gola. Batun naushe-naushen da ka ce ka gani a YouTube, wannan na manyan ƙwararru ne. A gasar jami'o'i duk wanda ya yi dambe korarsa ake yi daga wasan.

Mu Hausawan nan ba mu da yawa. Yawancin Musulmin garin Somaliyawa ne, unguwarsu ta Cedar-Riverside a Minneapolis ma tana manne da Jami'ar Minesota. Yaranmu ƙwallon ƙafa da ta kwando suka fi bugawa, don kayan hoki tsada gare su, ga kuɗin ƙungiya, ga tashin asuba a kai yaro atisaye cikin sanyin da ke sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifiri. Amma idan hunturu ya kankama, hukumar gari takan malala ruwa a filayen unguwa ya daskare, kowa ya shiga kyauta, kuma a nan 'ya'yan naka suka koyi zamiya tare da 'ya'yan maƙwabta. Daga nan abin ya shigo mana gida. Ranar Litinin a wurin aiki ba a hirar komai sai wasannin Juma'a da Asabar, wanda bai san kan zancen ba sai ya zama kurma a cikin mutane. Jihar nan kaɗai tana da jami'o'i shida a rukunin farko na gasar maza. Gasar 'yan sakandare ma da ake yi a St. Paul a watan Maris tana cika filin da ƙwararru ke wasa. Yadda Bakano yake da Sai Masu Gida, haka mutumin nan yake da Gophers, ƙungiyar Jami'ar Minesota. Sunan wata dabba ce mai haƙa rami, tsakanin gafiya da kurege, kuma ba sa jin kunyar sunan ko kaɗan.

Sun ɗauki kofin ƙasa sau biyar: 1974, 1976 da 1979 a hannun koci Herb Brooks, sai 2002 da 2003. Daga nan shiru. Ka ga ke nan a 2023 shekara 20 cur ana jira.

Mutanen nan idan za su auna ƙungiya, da 'yan gaba suke farawa, kuma ba cin ƙwallo kaɗai suke ƙirgawa ba. Wanda ya ci yana da maki ɗaya, mutum biyun ƙarshe da suka miƙa masa su ma kowa maki ɗaya. A kakar 2022 zuwa 2023 sahun farko na Gophers ya zama abin kwatance a duk Amurka: Logan Cooley a tsakiya, Matthew Knies da Jimmy Snuggerud a gefe. Cooley, wanda shekararsa ta farko ke nan a jami'a, ya tara maki 60. Snuggerud, shi ma sabon shiga, 50. Knies ya ci 21, kuma shi ne mai ƙirar ƙarfi a cikinsu, shi ke shiga lungu ya ƙwato ƙwallo a jikin katanga ya tsaya gaban gola ana bangazarsa bai gusa ba. Da aka tace mutum uku na ƙarshe a kyautar Hobey Baker, wadda ake ba gwarzon shekara, biyu daga sahun nan ɗaya suka fito, Cooley da Knies, ko da yake Adam Fantilli na Mishigan ne ya ɗauka. A lissafi ƙungiyar tana cin fiye da ƙwallo 4 a kowane wasa.

Sai dai maƙwabcina, wani dattijo da ya buga wasan a ƙuruciyarsa, shi ya koya min cewa masu kallon 'yan gaba yara ne. Ya ce in riƙa kallon abin da ɗan baya ke yi a daƙiƙa biyun farko bayan ya karɓi ƙwallo a bayan ragarsu, ana tahowa a guje za a maka shi da katanga. In ya ɗaga kai ya miƙa ta daidai sandar ɗan'uwansa, hari ya tashi. In ya firgita ya watsar, ta dawo musu. A wannan fannin Gophers ta fi kowa wadata a shekarar. Kyaftin ɗinsu Brock Faber ɗan baya ne, ɗan jihar ne kuma, ga Jackson LaCombe, ga Ryan Johnson, dukkansu sun ƙi tafiya wasan kuɗi suka ƙara shekara guda don neman kofin nan. Faber ba ya yawan cin ƙwallo, ba za ka ma lura da shi ba sai ka ga gwanin abokan hamayya ya yi turmi uku bai sami hanya ba. Shi kuma gola ana auna shi ne da yawan bugun da ya tare cikin ɗari. Mai tare 90 ana cewa da sauransa, mai 92 ya kai. Justen Close ya haura 92.

Da wannan suka zama zakarun rukunin Big Ten a wasannin kaka, suka shiga gasar ƙasa a matsayin na ɗaya. Amma tsarin nasu ba irin na firimiyar gida ba ne, inda Pillars za ta tara maki har ƙarshe a miƙa mata kofi. Ƙungiya 16 ake zaɓa, kuma faɗuwa ɗaya ce, ka tattara ka koma gida. Wata shida na wahala yana rataye a kan dare guda. A Fargo suka lallasa Canisius 9 da 2, suka doke St. Cloud State 4 da 1. A Tampa ta jihar Fulorida suka ci Jami'ar Boston 6 da 2. Saura wasa ɗaya, da Quinnipiac, wata ƙaramar jami'a a jihar Connecticut da ba ta taɓa ɗaukar kofin ba, ba ta da taurari irin namu, amma ita ce aka fi shan wahalar zura wa ƙwallo a duk ƙasar. Golansu Yaniv Perets ya yi wasa 10 a kakar ba a ci shi ko ɗaya ba. Kocinsu Rand Pecknold tun 1994 yake tare da su.

Ranar Asabar 8 ga Afrilu ce, azumi ya wuce rabi. An take wasa wajen ƙarfe bakwai agogonmu, rana kuma ba ta faɗuwa sai takwas saura. Gida huɗu muka haɗu, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, ƙosai da kunun gyaɗa da sambusar da muka koya wajen Somaliyawa. John Mittelstadt ya ci ta farko muna da azumi a baki, ihun ma da kyar yake fita. Allah ya taimake mu shan ruwa ya zo daidai hutun turmin farko, muka yi Magariba a falo muka dawo. Jaxon Nelson ya ƙara ta biyu. Ka lura, duka biyun ba daga sahun taurarin suka fito ba, ni kuwa a lokacin murna nake, ina cewa in ƙananan sun ci biyu, ina ga manyan sun motsa. Ba su motsa ba har aka tashi.

Quinnipiac ta rama ɗaya a turmi na biyu. Daga nan sai 'yan wasanmu suka koma gida suka tsugunna suna gadin ƙwallo ɗaya. Ƙungiyar da ta saba cin huɗu, sai ga ta tana watsa ƙwallo gaba tana sauya sahu, ta dawo, a sake watsawa. A turmi na uku gaba ɗaya sau 2 kacal suka buga wa Perets. A duk wasan 15 suka buga, aka buga musu 30. Saura minti biyar aka kai Cooley keji. Pecknold ya yi kasada, ya cire golansa ya bar raga wayam ya ƙara ɗan gaba, kuma saura minti 2 da daƙiƙa 47 Collin Graf ya farke. Aka tafi ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara ci ya gama. Na tashi in zuba shayi. Ban kai kicin ba. Daƙiƙa 10 da sa ƙwallo, Jacob Quillan ya zura ta. Wannan shi ne daidai inda ƙanwarka ta ɗauki bidiyon, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A makare muka isa Tarawihi, ba mai ce wa wani uffan a mota.

Har yau ba mu daidaita a kan kakar nan ba. In an haɗu a suna ko walima sai an tayar. Masu kare koci Bob Motzko suna cewa ƙungiyar da ta ci wasa 29 cikin 40, ta zo ta biyu a ƙasa, ba a kiranta faɗaɗɗiya, kuma Quinnipiac ce ta ƙwace wasan da ƙarfinta, ba ba ta aka yi ba. Akwai gaskiya a nan, don wasa 4 kawai aka ci Quinnipiac a duk shekarar. Ni dai ina ɓangaren da ke cewa tsoro ne ya kayar da mu. Amfanin 'yan bayan nan shi ne fito da ƙwallo da tayar da hari, ranar da aka mai da su masu gadi kawai sai aka rasa su, aka rasa 'yan gaban tare da su. Alamar ma ta bayyana tun a watan Maris, da Mishigan ta zo har filinmu na Mariucci ta ci mu 4 da 3 a wasan ƙarshe na kofin rukuni. Ɗan naka babba yana ganin na cika tsanani, yana cewa mutumin da bai taɓa tsayuwa a kan ƙanƙara minti ɗaya bai faɗi ba bai kamata ya koya wa Motzko aiki ba. Na ce masa kai ma ba ka taɓa buga wa Pillars ba, amma ba kocin da ya tsira daga bakinka.

Abin da ya ƙara wa ciwon gishiri shi ne a wasan jami'a ba a cewa sai baɗi da mutanen nan. Cikin 'yan kwanaki Knies ya tafi ƙungiyar ƙwararru ta Toronto, LaCombe ya tafi Anaheim, Faber ya koma Wild, ƙungiyar ƙwararru ta nan jihar. Cooley ya ce zai dawo, da Yuli ta zo ya sa hannu da Arizona. Snuggerud ne kaɗai ya rage a sahun.

Ka tambaya ko 'yarka ita ma tana kallo. Ita ta mata take bi, kuma tana yi mana gori, don matan Gophers sun yi kakar 2012 zuwa 2013 suka ci wasa 41 ba faɗuwa ba canjaras. Ta ce in gaya maka in Allah ya kawo ka, ka zo tsakanin Oktoba da Maris, za ta ara maka takalma ta riƙe maka hannu. Na ce mata ta fara nemo maka rigar sanyi mai kai wa gwiwa, kai da ke hura gawayi a ɗaki tun farkon Disamba.

A gaida Hajiya da kyau, a ce mata yajin da ta aiko ya iso.