Libarbar da kakana ya bari: ta yaƙin Bama ce?

Tambaya: Kakanmu tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama. Ya bar wata tsohuwar libarba mai cin harsashi shida, a gida ana cewa da ita ya yi yaƙin. A jikinta an rubuta WEBLEY MARK VI da 1917, ga kuma ƙaramin zane kamar kan kibiya. Yaya zan gano rundunar da aka ba ta da wanda ya riƙe ta?

Amsa: Malam, kafin komai, kada ka kai wa maƙeri ita ya goge tsatsa ko ya sa mata fenti. Rabin amsarka na cikin ƙananan tambarin da ke jikin ƙarfen, yashi ɗaya zai shafe su. Shafa ɗan mai da tsumma, ka haska fitila ta gefe, ka ɗauki hoton kowane lungu.

Kamfanin Webley & Scott na Birmingham ne ya ƙera ta. Sojan Birtaniya ya karɓi samfurin Mark VI a 1915, harsashinta .455 ne. To ka ga 1917 shekarar Yaƙin Duniya na Ɗaya ce, bindigar ta girmi yaƙin Bama da fiye da shekara ashirin. Wannan bai ƙaryata labarin gida ba, domin ko da aka kawo sabuwar libarba Enfield No. 2 mai harsashi .38 a 1932, tsofaffin Webley sun ci gaba da aiki har ƙarshen yaƙin Hitila saboda ƙarancin makamai.

Kan kibiyar nan shaidar kayan gwamnati ce. Duba da kyau, in ka ga kibiya biyu sun haɗa kai suna fuskantar juna, ma'ana soja ya sallame ta, an sayar da ita a hukumance. Kambi mai lamba da harafi a ƙarƙashi kuwa hatimin mai duba ingancin aiki ne, mutane da yawa kan ɗauka lambar bataliya ce, su ɓata watanni suna bin sawun da ba shi ba. Inda alamar runduna take zama shi ne ƙarfen bayan mariƙi: haruffa kamar R.F.A., wato rundunar igwa, da lambar da mai ajiyar makamai ya ba ta, wani lokaci da wata da shekara. Sai dai da yaƙi ya yi zafi an yi ta raba bindigogi ba tare da buga wannan ba, don haka in wurin fili ne kada ka yi mamaki.

Maganar wanda ya riƙe ta, nan gizo ke saƙar. Lambar bindiga ba ta kai mutum ga sunan soja in dai ta gwamnati ce. Masu sa'a su ne waɗanda tasu hafsa ya saya da kuɗinsa, kamar yadda hafsoshin Birtaniya ke yi a lokacin. Littattafan cinikin bindigogi na kantin Army & Navy suna ajiye a Jami'ar Glasgow, ana samun lamba da sunan mai saye. Taka mai kibiya ce, ba na sa ran ganinta can.

Ni da zan ba ka shawara, bi mutumin, bar ƙarfen. Nemo takardar sallamar kakanku ko lambobin girmansa, ka ga lambarsa ta soja da bataliyarsa a Rundunar Najeriya. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su suka je Bama, ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, rundunonin biyu suka kuma ci garin Myohaung tare a Janairun 1945. Littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum suna ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, cikin jerin WO 172. Muƙaminsa ma zai faɗa maka wani abu: kurtu babbar bindiga .303 yake ɗauka, libarba galibi ta hafsoshi ce da masu wasu ayyuka na musamman. In kurtu ne, ka tambayi dattawan gida ko wani Baturen hafsa ne ya bar masa, ko bayan yaƙi ya same ta.

Kada ka kuskura ka gwada harba ta. Kuma dokar makamai ta Najeriya ba ta ware tsohuwar libarba daga sabuwa ba, sai da lasisi. Ga lauya tukuna kafin ka ɗauke ta zuwa ko'ina, ko da gidan tarihi ne.