Idan 5G ba ta cin wuta, me ya hana janareton ƙarfen sabis hutawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Gidanmu na jikin ƙarfen sabis, dare da rana janaretonsa na ruri, hayaƙi har tsakar gida. Ga shi ana ta cewa 5G da 6G mai zuwa za su rage cin wuta. Gaskiya ne ko talla ce? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da gaskiya a maganar, amma ba yadda ake tallata ta ba. 5G na isar da kowane gigabait da wuta kaɗan idan aka gwada da 4G. Sai dai akwatinta guda kan ɗauki ƙananan eriya har 64, don haka ƙarfen da aka ɗora masa ita yana iya jan wuta fiye da da. Kuma mafi yawan wutar da kamfanin waya ke ci, a gindin waɗannan ƙarafan take ƙarewa.

Abin da ya fi burge ni a tsarin 5G shi ne barci. Na'urar 4G kamar mai shela take: ko da ƙarfe ukun dare ne, kowa ya ajiye waya, tana aika alamar "ga ni nan" a kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ita 5G an tsara ta ta yi wannan kiran kamar sau 50 kacal a daƙiƙa, a tsakani kuma ta kashe sassan da ba su da aiki. Gyangyaɗi ne da ido ba ya gani, amma idan aka tara shi a dubban ƙarafa tsawon shekara, tankokin dizal ne. Shi ya sa da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da tsarin 6G a 2023 mai suna IMT-2030, ta sa ɗorewa cikin ginshiƙan da za a gina shi a kai.

To me ya hana janaretonku shiru? MTN ta fara 5G a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, amma ba a sauke tsofaffin kaya ba. Ƙarfe ɗaya na ɗauke da 2G, 3G da 4G, kowanne da bakinsa. A Amurka manyan kamfanonin waya sun rufe 3G tun 2022, a Turai ma ana ta rufe ta. Mu kam ban ga dalilin gaggawar taɓa 2G ba, domin da ita mai ƙaramar waya a ƙauye ke kira, yake kuma tura kuɗi ta lambobin banki. Tsarin da zai tsimi wuta ya yanke wa talaka sabis ba ci gaba ba ne.

Maganin da ya dace da mu shi ne faifan sola da batiran litiyam, janareto ya koma na ko-ta-kwana. Rana dai Allah Ya hore mana ita. Amma na sha tsayawa a gindin ƙarfe cikin watan Afrilu, zafi ya haura maki 40, akwatin batir ba ya taɓuwa da hannu, kuma zafi irin wannan na rage wa batir kwana. Da hunturu ƙura kan lulluɓe faifan har ka iya rubuta sunanka da yatsa, wutar da yake bayarwa ta ragu sai an wanke. Ga ɓarayin batir. Duk injiniyan da ya zana tsari bai yi lissafin waɗannan ba, tsarinsa a takarda zai tsaya.

Batun ƙara da hayaƙi kuwa, kada ka yi shiru. Yawancin ƙarafan na kamfanonin da ke ba da hayarsu ne, sunan mai shi kuma galibi yana jikin ƙofar shingen. Ku haɗu da maƙwabta ku rubuta masa, ku nemi a sa wa janareton akwatin rage ƙara a ɗaga bututun hayaƙin sama. Idan an yi biris da ku, ku kai koke hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli.